Kalmar da Na Rubuta a Fom Ɗinka

Zuwa ga hasken idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan sanyin randar zuciyata, direbana, uban 'ya'yana, mai fushi da ni,

Sallama irin ta wadda ta yi laifi tana sane, kuma ba ta zo neman a ce ba ta yi ba. Ina gaishe ka gaisuwar busasshiyar ƙasa ga ruwan farko, gaisuwar tsuntsuwar da ta dawo sheƙa ta tarar ba kowa. Yaya jikinka? Yaya ƙafar nan ta dama da ke yi maka tsami idan ka daɗe a zaune? Wa ke ɗumama maka ruwan da kake jiƙa ta? Na san ba kowa, domin kai ba ka iya roƙo ba. Ko ƙishirwa za ta kashe ka a gidan mutane, sai dai ka yi ta kallon randa.

Yau kwana goma sha tara da ka ɗauki jakarka ka koma gidan yayanka. Kwana goma sha tara! Ni da ko doguwar tafiya ka yi ba ka taɓa wuce kwana uku ba ka dawo kana ƙwala mini kira tun daga bakin ƙofa. Ina rubuto maka daga ofishin malamai. An tashi makaranta, kowa ya watse, ba abin da ke motsi sai fankar nan mai kukan tsohuwa. Littattafan 'yan aji uku na gabana, ko ɗaya ban duba ba. A gefensu ga takardar da ka aiko ƙanwarka ta kawo mini da safe, kuma a kanta zan yi maka magana. Amma bari na fara daga inda muka fara, don ban yarda takarda ta riga ni isa zuciyarka ba.

Ka tuna madubin? Shekara ashirin da shida ke nan. Ina sabuwar malamar Turanci, kullum da safe ina hawa bas ɗinka, kullum ina kujerar da ke bayan direba, don ita ce ba ta jijjiga mutum. Wata uku cur ban san komai naka ba sai ƙeya da idanu biyu a madubi. Ban san tsawonka ba, ban san kana da wushirya ba, ban san muryarka ba sai ta faɗa da masu babur. Amma idanun nan, wayyo idanun nan! Ba su ƙyaftawa a banza, suna kan hanya kamar na shaho, sai can ba a rasa ba su zamo ƙasa su taɓa ni su koma bakin aiki. Rannan ka dube ni ta madubin ka ce, "Malama, wannan littafin da kike rungume da shi kullum, miji ne ko ɗa?" Na ce maka ƙamus ne. Ka ce, "To, Allah ya bar ku tare." Duk bas aka kwashe da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage na shige. Tun daga ranar na zama Malama Ƙamus, har 'ya'yanmu suka tashi suna zaton sunan yanka ne.

Da muka yi aure muka raba aiki ba tare da mun zauna mun raba ba. Duk wata takardar Turanci da ta shigo gidan nan tawa ce. Kowace shekara kamfaninku na ba direbobi fom na lafiya, ka kawo mini shi a ninke cikin aljihun gaba, na cike a teburin da muke cin abinci, na nuna maka wurin sa hannu, ka sa. Ba ka taɓa tambayata me na rubuta ba, ko sau ɗaya. Kakan ce, "Ke ce idona a takarda, ni ne idonki a hanya." Ina jin daɗin maganar nan har cikin ɓargona, ban san wata rana ita za ta hana ni cin abinci ba.

Masoyina, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara uku ke nan da barci ya fara satar ka da rana tsaka. Farkon da na gani kana riƙe da kofin shayi, kana ba ni labarin wani fasinja da ya shigo da agwagwa. Sai maganar ta yanke a tsakiya, kanka ya sunkuya, shayin ya zube maka a gwiwa. Ka farka ka ci gaba da labarin daga inda ka tsaya, kamar ba a yi komai ba. Muka yi dariya. Da ya sake faruwa muka sake yin dariya, amma tawa ta fara gajarta. Na roƙe ka ka je asibiti, ka ce likita sana'arsa nemo wa mai lafiya ciwo. Na kai ƙararka wajen yayanka, ya ce gajiya ce, kowane namiji mai nema yana gyangyaɗi. Ka nuna mini takardar yabon da ke rataye a falo, shekara ashirin da uku ko kaza ba ka taka ba, ka ce in tambaye ta.

A fom ɗin nan akwai layi na tara, inda ake tambaya ko akwai wani abu da yakan samu direba a lokacin aiki. Shekara biyu a jere na rubuta cewa kakan ɗan ji gajiya da rana. Ban yi ƙarya ba, amma na yi wa gaskiya kwalliya har uwar da ta haife ta ba za ta gane ta ba. Na yi haka ne don ina son ka, ka kuma sa hannu don ka yarda da ni, muka kwana lafiya mu biyun.

Sai ranar da na bi bas ɗinka zuwa duba 'yarmu, da cikinta ya tsufa. Ka ajiye mini kujerata ta da, ka ma share ta da hularka kana tsokanata wai amarya ta dawo. Bas cike take maƙil. Kusa da ni wata mata ce da jaririya a cinya, tana yi mata wasa da 'yan makullai. Bayan azahar ne, hanya ta miƙe sambal, rana na dukan gilashi. Na ɗaga kai don in saci kallon idanun nan da na saba sata, sai na gan su a rufe. A rufe, hasken raina! Ban san lokacin da na fara ƙirgawa a zuci ba: ɗaya, biyu, uku, huɗu. A na huɗun tayar gaba ta sauka daga kwalta, tsakuwa ta fara ƙara a ƙarƙashinmu, ka zabura ka fizgo sitiyari. Wani dattijo a baya ya yi salati. Ka yi 'yar dariya ka ce, "Rami na kauce wa, jama'a." Ni na ga hanyar, babu rami a wurin. Idonmu ya haɗu a madubi, kuma a karo na farko cikin shekara ashirin da shida, kai ne ka fara kawar da kai. Matar nan ba ta ma daina kaɗa makullanta ba.

Da muka dawo gida na tayar da maganar, ka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ka tashi ka fita. Bayan mako biyu ka kawo fom na bana.

Ina so ka san yadda na yi ranar Asabar ɗin nan, don kada ka zaci da garaje na yi, ko da fushi. Tun hantsi na zauna a tebur, fom a gabana, tsohon ƙamus ɗina a buɗe, wanda ka ce Allah ya bar mu tare. Kana tsakar gida kana goge kayan aikinka kana fito. Na cike layi takwas cikin minti goma. A na tara na zauna har la'asar.

Turawa suna da kalmomi da yawa na faɗin abin da mutum yakan yi, kuma a ido duk 'yan gida ɗaya ne. Shekara da shekaru ina koya wa yara bambancinsu a allo, ina cin gyaransu da jan biro, ban taɓa sanin kalma na da nauyin da zai gagari hannuna ɗauka ba. Guda uku suka tsaya mini a gaba. Ta farko ita ce "tends to", wadda na saba fakewa a bayanta. Ita kalma ce mai ladabi, ba ta tayar da hankalin kowa. Tana cewa abu yakan faru, kamar yadda kakan manta hularka a kan firji. Mai karatu zai gyaɗa kai ya buga hatimi ya wuce. Ta biyu "inclined to". Ita kuma akwai son rai a cikinta, zuciya ce ta karkata ga abu. Da na rubuta ta, da na ce kai ne kake son barcin, kai da ka fi kowa tsanar raggo, kai da tun asuba kake riga mai gadi isa tasha. Wallahi ko da wuƙa a wuyana ba zan yi maka wannan ƙazafin ba. Na ture ta gefe.

Ta uku ita ce "prone to". Ita ba a faɗinta sai a kan abin da ba a so, abin da ke faɗo wa mutum ba da izininsa ba, kamar ciwo, kamar santsi ga mai tafiya. Ba ta zargin mutum, amma ba ta rufa masa asiri. Na san duk likitan da ya gan ta kusa da kalmar barci sai ya ajiye shayinsa ya miƙe tsaye. Na dube ta, ta dube ni. Na tashi na wanke kwanonin da na riga na wanke. Na dawo na ɗauki biro da niyyar rubuta ta farkon, na rantse maka har na ɗora bakinsa a takarda, sai na ji ƙarar makullan matar nan a kunnena. Na rubuta ta ukun. Na rubuta cewa barci na kama ka farat ɗaya da rana, har a kan sitiyari.

Yanzu ga laifina, kuma ba zan ɓoye shi a bayan kowace kalma ba. Na fito tsakar gida da fom ɗin, ina addu'a Allah ya sa yau ɗaya ka ce in karanta maka. Ka ajiye dutsen guga, ka goge hannu a gefen zanena kamar yadda ka saba, ka ce, "Malama Ƙamus, an zuba musu Turancin?" Ka ɗora takardar a gwiwa ka sa hannu kana murmushi. Na tsaya a kanka ina kallo ban ce uffan ba. Na ji tsoron idan na faɗa maka za ka yaga ta, ka kai wa wani a tasha ya cike maka sabuwa. Tsoron gaskiya ne, amma bai wanke ni ba. Ka ba ni amanar idonka, na bi da kai ta inda ba ka sani ba. Wannan na yi nadamarsa, ina kuma neman gafararka a kansa, gwiwa biyu a ƙasa.

Sauran ka fi ni sani. Ranar Laraba manaja ya kira ka ofis, ya karɓi makullin bas ya rataye a ƙusa, ya ce ba za ka sake tuƙi ba sai likita ya duba ka, kafin nan ka zauna a bakin get kana rubuta motocin da suka fita da waɗanda suka shigo. Kai, da yaran da ka koya wa riƙe sitiyari za su riƙa wuce ka suna yi maka hon! Na san abin da wannan ya yi maka, na sani. Ka shigo gida da rana tsaka, ka tsaya a ƙofar kicin ka ce, "Ke kika rubuta?" Na ce ni ce. Da ma ka yi faɗa! Da ma ka fasa kofi, ka tara mini maƙwabta, ka kira ni duk sunan da ya zo bakinka! Sai kawai ka gyaɗa kai, ka ninke kayan aikinka ka ajiye a kan gado, ka ɗauki jaka. Har yau suna nan inda ka ajiye su, ina kwana a gefensu.

To, yau da safe ƙanwarka ta same ni a bakin aji. Ta ce manaja na jin nauyinka, kuma direbobi sun yi masa ƙaranci. Ya ce idan wadda ta cike fom ɗin ta sa hannu a wannan takardar cewa kuskuren Turanci ne, kalmomin ne suka yi mata kama, zai soke tsohon a cike sabo, ranar Litinin ka karɓi makullinka. Ta riƙe hannuna tana hawaye ta ce, "Haba Yaya, kalma ɗaya ce fa! Turancin nan yaren uban wa ne? Kowa na kuskure. Ki ce hannunki ne ya zame, mijinki ya dawo ɗakinsa. Tun da ya zo ko loma uku ba ya yi." Sannan ta faɗa mini saƙonka, cewa ranar da na sa hannu, a ranar za ka kwana a gida.

Ya sanyin idona, ka san abin da ka ɗora a gabana kuwa? Ka ɗora wa mai ƙishirwa ruwa ka ce ta sha da sharaɗi. Gidan nan ya yi mini faɗi kamar fili. Har yanzu kofi biyu nake saukewa da safe, sai na zuba na tuna. Takalmanka na wanka suna bakin ƙofa, ban iya kawar da su ba, ina tsallake su kamar mai tsallake mai barci. Duk motar da ta yi hon a titi sai na ɗaga labule, ni da na san hon ɗinka cikin dubu. Wa zai ƙara ce mini gishiri ya yi yawa alhali yana neman ƙari? Wa zai ƙara karanta mini allon talla a hanya da Turancinsa na ganganci don kawai in yi masa gyara? Ina kewarka kamar yadda shuka ke kewar ruwa a tsakiyar rani, ina kewarka har haƙorana na ciwo. Tun da aka tashi makaranta na ɗauki biro sau uku. Wurin sa hannun ɗan ƙarami ne, bai kai tsawon yatsana ba, kuma kai kana bayansa.

Ba zan sa hannu ba.

Na faɗa. Ban yi kuskure ba, abin ƙaunata. A duk Turancin da na rubuta a rayuwata babu inda na fi yin daidai kamar a layin nan na tara. Idan na ce hannuna ne ya zame, ranar Litinin za ka zauna a kujerar nan da mutum arba'in a bayanka, ni kuma ina gaban allo ina koya wa 'ya'yan mutane faɗin gaskiya da Turanci, kunnena na kan waya. Har huɗu na ƙirga a ranar nan, Allah ya tashe ka. Wa ya yi mini alkawarin ba za a kai biyar ba? Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na iya zama matar da mijinta ya yi wa yaji, mutane su yi ta nuna ni da baki, zan jure. Amma ban iya zama matar da za a zo yi wa gaisuwa tana sane da cewa da bironta aka haƙa ramin ba. Kuma 'yarmu saura mata 'yan makonni. Ina so jikanka ya san wushiryar nan da idonsa, ba a hoto ba.

Ga abin da nake roƙo, kuma shi kaɗai ne. Na je na ga likitan da aka tura ka wajensa. Ya ce ba zai ce komai ba sai ya gan ka, amma bai ce babu magani ba, na kuma tambaye shi har sau biyu. Ya ba ka ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe. Na nemi izini a makaranta. Akwai wani dogon benci a barandar, daura da ƙofarsa, zan zauna a can ƙarshensa da fulas ɗin shayi da kofi biyu. Ba sai ka gaishe ni ba. Ba sai ka zauna kusa da ni ba, ka zauna a ɗaya ƙarshen ka ɗaure fuska yadda ka iya, na san ka gwani ne. In ya ce za ka koma tuƙi, ni zan fara hawa, a kujerata. In ya ce ba za ka koma ba, to ni da ma ba bas na aura ba.

Cikin ambulan ɗin nan za ka ga takarda biyu bayan wasiƙar. Ɗaya ta manaja ce, na mayar maka da ita fara kamar yadda ta zo. Ɗayar kuwa fom ɗinka ne, na fassara maka shi da Hausa tun daga layi na ɗaya har na ƙarshe, da duk abin da na rubuta a ciki, ban rage ko ɗigo ba. Abin da ya kamata in yi ke nan ranar Asabar ɗin, a tsakar gida, kafin ka ɗora shi a gwiwa. Ka karanta da kanka, a hankali, da yatsanka a kan layi yadda kake yi. Daga yau ba za ka ƙara sa hannu a abin da ban karanta maka ba, ko da za ka yaga shi a gabana.

Ka ce ni ce idonka a takarda, kai ne idona a hanya. Idona ne na gani a rufe a madubin nan, shi ya sa na yi ihu da irin muryar da nake da ita. In ba ka zo wannan Alhamis ɗin ba, ta sama ma ina kan bencin, da wadda ke bin ta, har sai masu shara sun san ni da suna. Shayin zai huce, in zubar in dafa wani.

Taka jiya, taka yau da kake fushi da ni, taka har ranar da ƙasa za ta rufe idona,

Malama Ƙamus